Kwaɗo a Firjin Manaja

Katanga ɗaya ce tsakanin tsakar gidana da ɗakin da Dogo yake guga, kuma maginin da ya yi ta ya ci rabin simintin. Tun da matata ta rasu gidana ya yi tsit, saboda haka duk abin da ake yi a wancan ɗaki ina ji, ko ina so ko ba na so. Dutsen guga ya sauka a tebur, dim. A ja shi. Ya sake sauka. Da wannan ƙarar nake tashi, da ita nake kwanciya.

Dogo yayan Manaja ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Manaja kuwa shi ne mai shagon wanki da guga na bakin titinmu, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Wani babban otal ya ba shi aikin zannuwan gado da tawul, bisa sharaɗin ya yi alkawari a rubuce cewa babu bauta, babu aikin tilas a sana'arsa. Ya yi alkawarin, ya sa a gilashi, ya rataye a saman kantar shagon. Na karanta shi da tabarau. Rubutu ne mai daɗi. Kowane ma'aikaci zai tashi kafin rana ta faɗi, zai huta ranar hutunsa, za a biya shi a kan kari, kuma ƙofa a buɗe take ga mai son tafiya.

Kada in zalunci Manaja: ya cika alkawarin. Ma'aikatansa suna tashi da sauran rana, suna wucewa ta ƙofar gidana suna raha. Sai dai zannuwan otal ba su iya karatu ba. Yadda suka saba zuwa haka suke zuwa, tuli guda. Abin da ma'aikata suka bari a baro ake turo shi gida, a sauke a ɗakin baya. Alkawarin ya yi magana a kan ma'aikata. Dogo ba ma'aikaci ba ne. Ɗan gida ne.

Dogo yana da ciwon suga, irin wanda sai da allura. Ba ya sa loma a baki sai ya yi ta, kuma maganin ba ya jure zafi, dole a firji yake kwana. Firjin yana falon Manaja. A jikinsa akwai kwaɗo, makullin kuma yana ƙulle a bakin zanin matar Manaja, wadda ma'aikata suke kira Anti.

Ranar da na fara ganin yadda ake yi, na shiga ne in gaishe su. Rana ta take sosai. Dogo ya leƙo daga ƙofar baya, sai da ya sunkuya don kada kansa ya bugi katako. Gumi ya jiƙe masa singileti, leɓensa ya bushe ya yi fari.

"Anti, lokacin allura ya wuce."

Matar ƙanensa ce, amma Anti yake ce mata, kamar 'yan shago.

"Yaya, an gama tawul ɗin?"

"Saura kaɗan."

"To ai gara ka ƙarasa, ka ci abincinka hankali kwance. In ka ci yanzu kasala ce za ta kama ka, ni na san ka."

Ya tsaya jim, ya dubi firjin, ya koma. Anti ta juyo wurina da fara'a.

"Malam, ka ga kwaɗon nan? Saboda shi na sa. Yara ne ba sa barin firji ya yi sanyi, buɗe-rufe, buɗe-rufe. In maganin ya lalace wa za a zaga? Ni."

"Tsayuwar fa?" na ce. "Tun asuba nake jin dutsensa."

"Likita da bakinsa ya ce ya riƙa motsa jiki. Mu da muke ƙoƙari kada ya zauna ya lalace?"

Na karanta littattafai da dama a rayuwata, ban taɓa cin karo da likitan da ya rubuta wa mara lafiya zannuwan otal ba. Na sha ruwan da ta ba ni. Da sanyinsa ƙwarai.

Ɗakin gugar yana da 'yar taga da ke kallon tsakar gidana. Nan nake jan kujera da hantsi mu taɓa hira, shi yana aiki, ni ina riƙe da littafin da ba na karantawa. Dogo mutum ne mai barkwanci in ya samu numfashi. Yakan ce ya yi wa gadajen otal ɗin nan hidima fiye da yadda ya yi wa iyayensa, amma ko sau ɗaya ba su tambayi lafiyarsa ba.

Wata rana aka ɗauke wuta, ya koma dutsen gawayi. Muna cikin magana na ji ƙauri.

"Dogo, kana ƙona zanin mutane."

Ya ɗaga dutsen da sauri, ya duba. Zani fari tas. Ya juya shi, ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Mene ne?"

"Ba zani ba ne, Malam."

Garwashi ne ya faɗo daga dutsen, ya taka shi, ya tsaya a kai. Ciwon ya riga ya kashe masa jin tafin ƙafa. Sai da hancina ya gaya masa. Abin da ya fara faɗa bayan ya zare garwashin shi ne, "Na gode Allah da ba zanin ba ne."

Anti ta shafa masa man zafi, ta yage tsohuwar rigar filo ta ɗaure. Washegari baro ya zo kamar kullum.

Ƙunar ba ta warke ba. Ta yi ruwa, ta yi baƙi-baƙi, ƙafar ta kumbura har silifas ya daina shiga. Sai ya koma tsayuwa da ƙafa ɗaya, ya ɗora gwiwar ɗayar a kan bokitin da ya kife. Ƙarar dutsen ta sauya. Dim, sai dogon shiru, sai dim. Manaja ya lura da shirun kafin ya lura da ƙafar.

Sau ɗaya Dogo ya gwada ƙin aiki. Ya zauna a kan tulin zannuwa ya ce yau ba zai iya ba. Babu wanda ya daka masa tsawa. Babu wanda ya taɓa shi. Anti dai ta tuna tana da unguwa a can ƙarshen gari, ta yafa mayafi ta fita, makulli yana bakin zaninta. Da rana ta yi tsaka na ji shi yana shan ruwan yayyafin guga, kofi bayan kofi. Zuwa yamma yana amai. Na leƙa ta taga na same shi jingine da bango, idanunsa sun faɗa.

"In fasa kwaɗon?" na ce.

"Ka fasa na yau. Gobe fa?"

Ya dafa tebur ya miƙe, ya jona dutsen. Anti ta dawo ta tarar da rabin tulin a ninke. Ta tafa hannu ta ce wayyo, ita da mantuwa, Allah ya sa Yaya bai sha wahala ba. Tun daga ranar Dogo bai sake zama ba.

Sai otal ya aiko mai bincike. Wata matashiya ce mai natsuwa, da jaka a kafaɗa. Ta shiga shago, ta keɓe ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gaya mata gaskiya, gaskiyar kuma mai kyau ce. Da ta fito na tare ta a bakin titi.

"'Yata, kin ƙirga zannuwan da suke fita daga shagon nan?"

"Na gani, Baba."

"Kin ƙirga hannuwan da ke ciki? Ki haɗa lissafin ki gani ko ya yi. In bai yi ba, akwai ɗaki a bayan gidan can."

Ba sakarya ba ce. Ta ce da Manaja tana so ta gaisa da iyali. Na bi su, ba tare da an gayyace ni ba. Amma labari ya riga mu isa. Mun tarar da Dogo a falo, a kan kujera mai laushi, sanye da rigar Manaja da ta tsaya masa a ƙwauri, ƙafarsa a kan matashi, fanka tana kaɗa masa. Ban taɓa ganin shi zaune a falon nan ba sai ranar.

"Yayana ke nan," in ji Manaja. "Ubana ne, in kin bi ta gaskiya. Ci, sha, magani, duk a wuyana, kuma ban taɓa gajiya ba. Wani lokaci yakan ɗan taɓa guga don kada zaman ya ishe shi. Tsohon gwani ne, ko an hana shi ba ya ji."

Matashiyar ta durƙusa a gaban Dogo.

"Baba, ana sa ka aiki ba da son ranka ba?"

Dogo bai dube ta ba. Firjin ya duba. Anti tana tsaye a gefen firjin, ta dafa shi kamar mai dafa kafaɗar ɗanta.

"Ƙanena ne," ya ce.

"Na sani, Baba. Amma in ka so ka bari, za ka iya?"

"Ƙanena ne, yarinya. Allah ya yi miki albarka."

A waje ta tsaya kusa da ni, ta rage murya. Ta ce ta ga ƙafar, kuma hancinta ya ji abin da fanka ke ƙoƙarin korewa. Ta ce in ta rubuta abin da take zargi, otal ba zai aiko likita ba, janye aikinsa zai yi ya kai wani shago. Ma'aikata su rasa abinci, firji ya rasa magani.

"To me zan rubuta, Baba?"

Ina da amsar tambayoyi da yawa da babu wanda ya yi mini. Wannan da aka yi mini, ba ni da ita. Ta tafi idonta ya yi ja. Kafin motarta ta sha kwana an karɓe rigar daga jikin Dogo.

Ni ma ina da firji. Tsoho ne, na matata, yana ƙugi kamar mai mura amma yana sanyi, kuma babu kwaɗo a jikinsa. Na daɗe ina yi wa Dogo tayin wani ɗaki a gidana da babu kowa a ciki, yana cewa me mutane za su ce, a ce ya bar gidan ɗan'uwansa ya koma na maƙwabci. Ranar da ya kwance ƙyallen ya ga yatsu biyu sun yi baƙi, bai ƙara tambayar abin da mutane za su ce ba. Ya zagayo ta titi da rana tsaka, yana dafa bango, ba shi da komai sai singiletin jikinsa. Tafiyar da yaro zai yi da numfashi ɗaya, sai da ya huta a hanya.

Na je wurin Manaja karɓo maganin da katin asibiti. Na same shi a shago, a ƙarƙashin gilashin alkawarinsa.

"Malam, ai ba a ɗaure kowa ba," ya ce. "Ya ga gidanka ya fi masa, Allah ya ba da zaman lafiya."

"To ba ni maganinsa."

"Maganin gida ne. Wanda yake gida aka saya wa."

"Katin fa?"

"Yana wurin Anti. Ka san mata da ajiya, sai ta nema." Ya gyara zama. "Kai mai ilimi ne, Malam, bari in tambaye ka. Tun da ciwon nan ya kama shi, wa ya taɓa sayo masa ko sirinji ɗaya? Dangi suna nan cike da gari, kowa ya iya cewa sannu. Ni kaɗai na ɗauka. In na ɗauki sabon mai guga in biya shi, da me zan sayi allurar? Shi yake sayen maganinsa da hannunsa, ni tsakani kawai nake. Wannan ne bauta?"

"In ba ita ba ce, me ya sa ka sa masa riga ranar nan?"

"Baƙuwa aka yi. Kai ba ka sa riga in ka yi baƙi?"

Ya yi dariya, ya ce a gaida Yaya.

Na sayar da rediyona da agogon bango, na sayo kwalba ɗaya a kantin magani. Dogo ya yi allurarsa a kan lokaci, ya ci abinci a zaune, ya yi barci da rana kamar jariri. Da ya farka ya ce mini hannunsa na dama sai motsi yake shi kaɗai, yana neman dutse. Muka yi dariya. A wancan gefen katanga kuwa baro yana zuwa yana komawa, muna jin Anti tana faɗa da zannuwa, har ta ƙona biyu. Dogo ya ce a gaya mata ta rage wuta in ta zo kan masu santsi. Na ce ba zan gaya mata ba.

Amma allura ba ta dawo da naman da ya mutu. Baƙin ya haura daga yatsu zuwa tafin ƙafa, zazzaɓi ya rufe shi, ya fara kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Na samu mai mota muka kai shi asibiti. Likita ya ɗaga ƙyallen, ya mayar, bai ɓata lokaci ba.

"Sai an yanke, ƙasa da gwiwa. In aka jira, ba ƙafa za a rasa ba. Kai wane ne nasa?"

"Maƙwabci."

"Ba ya cikin hankalin da zai sa hannu. Ɗan'uwa nake so, na jini, wanda zai sa hannu ya kuma tsaya wa kuɗin aiki."

Na ce ni zan sa. Ya ce ba a yin haka. Na ce ni na kawo shi, ni nake wanke ƙafar. Ya ce ya gode, amma ba a yin haka. Na duba abin da ya rage a gidana da za a iya sayarwa, na ga littattafai ne, su kuwa ko mai awo ba ya ɗaukarsu.

Da ƙafata na koma shagon. Ban taɓa jin nauyin tafiya irin wannan ba, har da ranar da na dawo daga binne matata. Manaja bai yi mini gori ba, ya fi ƙarfin haka. Ya rufe shagon nan take, ya zo asibiti da gudu, ya sa hannu, ya biya, ya zauna a bakin ɗakin tiyata yana share hawaye. Kuma hawayen gaske ne, na duba. Mutanen da ke zaune a benci suka riƙa cewa Allah ya ba kowa ƙane irin wannan.

Da aka sallami Dogo, babu wanda ya tambaye shi inda za a kai shi. Ni kaɗai na sunkuya na ce masa ɗakin yana nan.

"Malam, me ya rage maka ka sayar?"

"Littattafai," na ce.

"To ka gani," ya ce. "Ka yi naka. Bar ni in tafi inda maganin yake."

Unguwa ta yi ta shiga dubiya. Anti tana karɓar gaisuwa, tana ba da labarin yadda maƙwabci ya hure wa Yaya kunne ya fitar da shi daga hannun masu kula da shi, ga abin da ya jawo. Wasu sun daina amsa sallamata. Ɗakin baya ya yi shiru na ɗan lokaci, har na fara yaudarar kaina cewa ƙafar ta saya masa hutu.

Ɗinki bai gama kamewa ba na ji ƙarar zarto. Na ja kujerata zuwa taga. Kafinta ne a ciki, ya kwantar da teburin guga yana rage masa tsawo. Manaja yana tsaye a kansa, Dogo yana zaune a wata kujera mai hannu, dungulmin a naɗe da farin bandeji.

"Ka gani, Malam?" in ji Manaja da ya hango ni. "Daga yau Yaya ya daina tsayuwa. Ni ba zan iya ganin yana wahala ba."

Kafinta ya tayar da teburin, ya tura shi gaban Dogo. Ya ɗauko dutsen, sanyi ƙalau, ya miƙa masa.

"Baba, gwada mu gani. Ya yi daidai?"

Dogo ya karɓa. Ya ɗora shi a kan katakon, ya tura gaba, ya jawo baya, ya ɗaga kafaɗa ya sauke. Bai dubi taga ba.

"Ƙara ragewa kaɗan," ya ce. "In ya yi tsawo, ba zan yi sauri ba."

Kafinta ya sake ɗaukar zarto.